Tafiyar Ƙasa Daga Makka Zuwa Madina

Turawa suna da wata al'ada idan sun sami hutu. Sai mutum ya ajiye motarsa, ya ɗaura takalma masu ƙwari, ya rataya 'yar jaka, ya bi wani wanda ya san hanya su shiga duwatsu da ƙafa. Su wuni suna tafiya, da yamma su sauka a gidan baƙi su ci abinci su kwana, gari na wayewa su nufi na gaba. Akwai wata hanya irin wannan da ta kewaye dutsen Mont Blanc, ta ratsa Faransa da Italiya da Suwizalan. Tsawonta wajen mil 105 ne, a kan yi kamar kwana goma ana bin ta.

Ga Bahaushe wannan ba baƙon abu ba ne, sai dai shi ba don shaƙatawa ya san ta ba. Fataken da su kan tafi Gwanja sayen goro da ƙasa su ke zuwa, madugu na shugabancin ayari, jagaba na gaba yana duba hanya. Inda suka sauka suka kwana shi ne zango, tafiyar da ke tsakanin masauki da masauki ita ma zango a ke ce mata. Don haka ne har yau a ke kiran unguwar Hausawa a Kumasi da sunan Zango.

To, yanzu an ɗaura niyyar raya irin wannan tafiya a ƙasar Hijaz, a kan hanyar da Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bi sa'ad da ya yi hijira daga Makka zuwa Madina a shekarar 622. Wanda ya ke so ya gane wannan hanya, sai ya fara sanin irin ƙasar da ta ratsa tukuna.

Makka tana cikin wani kwari ne, duwatsu ƙwalama marasa itace sun kewaye ta. Yamma da ita akwai wata shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai zafi da gumi wadda ta bi bakin Bahar Maliya, ana ce da ita Tihama. Gabas da Tihama kuwa jerin duwatsun Hijaz ne, a bayansu kuma ga filayen baƙaƙen duwatsu masu kaifi waɗanda wuta ta amayo daga cikin ƙasa tun zamanin da, Larabawa na kiransu harra. Tsakanin duwatsun akwai kwaruruka, su ne wadi da Larabci. Duk faɗin ƙasar Saudiyya babu kogi ko ɗaya mai gudu shekara duka. Wadi kamar rafin da ya ƙafe ya ke da rani, yashi da tsakuwa kawai, amma a ƙarƙashin yashin a kan sami ruwa in an haƙa. In kuwa aka yi ruwan sama a bisa duwatsu, ko da mutum bai ga hadari ba, sai ruwa ya taho da ƙarfi ya share duk abin da ya tarar. Irin wannan ambaliya ce ta rushe bangon Ka'aba a 1630, har aka sake gina ta a zamanin Sarkin Istambul Murad na Huɗu. A 1941 ma ruwa ya cika Masallacin Harami har waɗansu suka yi ɗawafi da iyo.

Ke nan matafiyi a Hijaz abu biyu ya ke tsoro, ƙishirwa da ambaliya, dukansu kuwa a cikin wadi su ke. Amma ba shi da wata hanya sai wadin, gama nan rijiyoyi su ke, nan kuma raƙumi ke iya taka ƙasa. Babbar hanyar ayari tsakanin Makka da Madina rijiyoyi ta ke bi ɗaya bayan ɗaya, a kan yi kwana goma ko fiye a kanta, kowa kuma ya san ta. Wannan sanin da kowa ya yi mata shi ya sa masu hijira ba su iya bin ta ba.

Ƙuraishawa sun sa ladan raƙuma 100 ga duk wanda ya kamo Annabi. Madina tana arewa, saboda haka can masu nema za su fara dosa. Sai Annabi da Sayyadi Abubakar suka yi kudu, suka hau Dutsen Saur, wajen mil uku daga Ka'aba, suka ɓuya a cikin wani ƙaramin kogo kusa da ƙwanƙolinsa. Kwana uku suka yi a ciki. Abdullahi ɗan Abubakar ya kan wuni a Makka yana sauraron abin da a ke faɗi, da dare ya kawo labari. Amiru ɗan Fuhaira, makiyayin Abubakar, ya kan koro tumaki wajen dutsen, su sami madara, tumakin kuma su tattake sawun Abdullahi. Asma'u 'yar Abubakar ta kawo guzuri, da ta rasa abin ɗaure bakinsa sai ta tsaga ɗamararta biyu ta ɗaure da rabi.

Da kwana uku suka cika, ƙura ta ɗan lafa, sai wani mutum ya zo da raƙuma biyu da aka ba shi ajiya. Sunansa Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ, shi ne aka ɗauka da lada ya yi musu jagora. A nan akwai abin lura. Wannan mutum a lokacin ba Musulmi ba ne, addinin Ƙuraishawa ya ke bi. Ya san wurin ɓuya, ya san ranar tashi, ya kuma ji labarin raƙuma 100. Ladan da za a ba shi bai kama ƙafar wannan dukiya ba, amma bai tona asiri ba. Abu biyu aka duba aka zaɓe shi: gwanintar hanya da riƙon amana. Hausawa na cewa da ɗan gari a kan ci gari. A cikin hamada kuwa baƙo ba ya ko kai wa garin sai da ɗan ƙasa.

Su huɗu suka tashi, da Amiru ɗan Fuhaira, a kan raƙuma. Jagoran ya fara gangarawa da su yamma wajen teku, kāna ya juya arewa, yana tafe yana kauce wa babbar hanya. In ta bi gabas sai ya bi yamma, in ba makawa sai an ƙetare ta, ya ƙetare a inda babu jama'a. Su kan yi tafiyar dare da ta sanyin safiya, in rana ta take su nemi inuwar dutse su huta. Ibn Ishaƙ, wanda ya rubuta tarihin Annabi a ƙarni na takwas, ya jera sunayen wuraren da suka bi, Ibn Hisham kuma ya adana su a littafinsa: ƙasan Usfan, da Amaj, da Ƙudaid, da Kharrar, da Liƙf, da Arj, da kwarin Ri'm, har zuwa Ƙuba.

Babu gidan baƙi ko ɗaya a wannan hanya. Abin da ya fi kusa da shi shi ne tantin wata mace 'yar ƙabilar Khuza'a a kwarin Ƙudaid, ana ce mata Ummu Ma'abad. Ta saba zama a bakin tantinta tana ciyad da masu wucewa tana shayad da su. Amma shekarar fari ce, ba ta da abin da za ta sayar musu, sai wata ramammiyar tunkiya da ta kasa bin garke. Masu tarihi sun ce Annabi ya nemi izininta ya tatse tunkiyar, aka sami madara har kowa ya ƙoshi aka bar mata saura. A wajejen nan ne kuma Suraƙa ɗan Malik, wani gwanin bin sawu, ya cim musu a kan doki don kwaɗayin ladan, dokinsa ya yi ta tuntuɓe da shi, har ya nemi aminci ya koma, yana mai da sauran masu nema baya.

Daga nan hanya ta rabu da ƙasar bakin teku ta shiga duwatsu sosai. A Arj raƙuminsu ɗaya ya gaza, sai wani mutumin ƙabilar Aslam, Ausu ɗan Hujr, ya ba su nasa, ya kuma haɗa su da yaronsa Mas'udu ya raka su. Watau ko gwanin jagora ya kan so taimakon masu ƙasa in ya shiga ƙasarsu. Suka hau wata matsattsiyar hanya mai wuya ta tsakanin duwatsu, suka gangara kwarin Ri'm. Bayan kamar kwana takwas da barin kogo suka iso Ƙuba, a bakin Madina, ran Litinin cikin watan Rabi'ul Awwal, wanda ya yi daidai da Satumba 622. Daga shekarar wannan tafiya ce Sayyadi Umar ya sa aka fara ƙidayar shekarun Musulunci.

Da ya ke hanyar ɓuya ce, ba ta ayari ba, bayan hijira ba ta zama turba ba. Alhazai suka ci gaba da bin hanyar rijiyoyi. Sunayen wurare suka zauna a cikin littattafai, a ƙasa kuwa waɗansu suka sake suna, waɗansu rairayi ya binne, har malamai suka riƙa saɓani a kan inda waɗansunsu su ke. Da mota ta zo aka shimfiɗa babban titi aka raɗa masa suna Hanyar Hijira, ko da ya ke ba sawun hijirar ya bi daki-daki ba. A 2018 kuma aka buɗe jirgin ƙasa na Haramaini, mai kai mutum daga Makka zuwa Madina cikin ƙasa da awa uku.

Wani malamin jami'a na Saudiyya, Abdullahi Alkadi, yana cikin waɗanda suka fi ƙoƙari wajen gano hanyar. Ya yi shekaru yana bin kwaruruka da littattafan tarihi a hannunsa, yana tambayar tsofaffin makiyaya sunan kowane dutse da kowace rijiya, yana gwada abin da suka faɗa da abin da ke rubuce. Watau bayan shekara dubu da ɗari huɗu, mai neman hanyar nan bai wadatu da barin ɗan ƙasa ba. Binciken nasa shi ne tushen wani baje koli a kan hijira da aka buɗe a cibiyar Ithra da ke Zahran a 2022.

A watan Janairu 2025 hukumomin Saudiyya suka ba da sanarwa a Madina cewa za a buɗe hanyar ga masu ziyara, da sunan Ala Khuɗahu, watau A Kan Sawunsa. Tsawonta kilomita 470 ne, wajen mil 290, daga Kogon Saur zuwa Masallacin Ƙuba. An ƙidaya wurare 41 na tarihi a kanta waɗanda za a gyara, aka kuma tsara wuraren kwana da na cin abinci, domin mutum ya yi ta zango-zango, wani wuri da ƙafa wani wuri da abin hawa. Mafarinta yana cikin iyakar Haramin Makka, inda ba mai shiga sai Musulmi. Ba ta kuwa cikin ayyukan Hajji ko na Umra, haka ma hawan Dutsen Saur. Ziyara ce ta neman sani da tunawa.

Kada kuwa gyaran hanya ya sa a ɗauka ƙasar ta sake hali. A aikin Hajji na watan Yuni 2024 zafi ya haura digiri 51 a Makka. Hukuma ta ce mutum 1,301 suka rasu, mafi yawansu waɗanda suka zo ba da izini ba ne, suka yi doguwar tafiya da ƙafa cikin rana, ba masauki ba mai kula da su. Saboda haka tafiyar ƙasa a Hijaz ta watannin sanyi ce, kamar daga Nuwamba zuwa Maris. Ko a lokacin ma dokokinta su ne na da: a tashi da asuba, a huta da tsakar rana, a riƙe ruwa fiye da yadda a ke zato za a sha, kada a kafa tanti a tsakiyar wadi kome kyawun yashinsa, kada kuma a rabu da jagora.

Alhazan ƙasar Hausa na zamanin da sun san waɗannan dokoki tun kafin su ga Hijaz. Su kan tashi daga Kano ko Katsina da ƙasa, su bi ta Barno da Wadai da Darfur da Kurdufan, su tsaya su yi noma ko ƙodago in guzuri ya ƙare, har su kai Sawakin su ƙetare Bahar Maliya. Waɗansu su kan yi shekara bakwai ko fiye kafin su komo, waɗansu kuwa ba su komo ba, jikokinsu na nan a Sudan da Makka. Da yawa daga cikinsu, in sun gama Hajji ba su da kuɗin hayar raƙumi, da ƙafa su ke zuwa Madina, suna bin bayan ayari.

Jikan irin wannan alhaji yau ya kan tashi daga Kano da safe, kafin dare ya sauka Jidda. Ya huta da wahala ƙwarai, abin godiya ne. Amma mai zama cikin jirgi ba ya sanin nisan Makka da Madina sai a lissafi. Wanda ya taka kwarin Ƙudaid da ƙafarsa, ya ji harshensa ya bushe kafin azahar, ya duba gabas da yamma bai san inda rijiya ta ke ba sai jagora ya nuna masa, shi ne zai gane girman amanar da aka danƙa wa ɗan Uraiƙiɗ, da darajar ƙwaryar madara a tantin Ummu Ma'abad. Gani ya kori ji.