Wata Tara Sun Cika, Amma Jariri Bai Yi Kuka Ba

Yawancin iyaye mata sun ɗauka bakwaini kaɗai ke shan wahala a ranar haihuwa. Mu da ke aikin jinya mun san ba haka ba ne. Jaririn da ya cika wata tara ma yana iya faɗowa shiru, jiki saɓule, saboda iska ta yanke masa lokacin naƙuda. Wajen jariri 1 cikin 10 na buƙatar taimako kafin ya fara numfashi.

Babban dalili shi ne doguwar naƙuda. Sai hawan jini da jijjiga, zubar jini kafin haihuwa, ƙarancin jini, jariri ya zo a zaune, ko cibiya ta riga shi fitowa. Idan faya ta fashe ruwan ya fito kore-kore, jariri ya yi kashi a ciki, alama ce ya galabaita. Jiƙon saurin naƙuda ma yana da haɗari, domin yana matse mahaifa fiye da kima.

A nan Zandam, nisa na ƙara tsananta lamarin. Kafin a nemo mota a kai Babban Asibitin Gwaram ko Asibitin Tarayya na Birnin Kudu, lokaci ya tafi. Ga kuma kunyar 'yar fari, wadda kan ɓoye naƙuda har gari ya waye.

Minti ɗaya na farko shi ne komai. Ungozoma mai horo za ta goge shi da tsumma mai tsabta, ta shafa bayansa, ta lulluɓe shi. Idan bai numfasa ba, ta hura masa iska da 'yar jakar roba. Watsa ruwan sanyi ko riƙe shi kai ƙasa cutarwa ce kawai.

Da yawansu sukan warke sarai. Wanda ya daɗe babu iska kuwa, ƙwaƙwalwa na iya taɓuwa, ya kasa kama nono, daga baya a ga farfaɗiya ko jinkirin zama da tafiya.

Don haka, 'yar'uwa, ki riƙe awo. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sau 8. Ki yi magana da maigida tun cikin yana wata bakwai a tanadi mota da kuɗinta. Naƙuda na farawa, ku kama hanyar asibiti. Allah Ya sauke ku lafiya.