Da Yayyafi Kogi Kan Cika: Rukunonin Gidajen Abuja da Ruwan da Ya Rasa Wurin Zuwa

A watan Yunin 2023 ruwa ya shanye gidaje sama da 100 a rukunin Trademore da ke Lugbe, hukumar babban birnin tarayya ta ayyana wurin yankin bala'i, aka shiga maganar rusau. A Satumban 2021 ma an yi irin wannan a wurin, har da asarar rayuka. Mutanen Lokogoma kuwa sun daɗe suna kwana da ido ɗaya duk daren da hadari ya haɗu. Kowace damina tambayar ɗaya ce: wane gida ne a kan hanyar ruwa, wa ya sa hannu a takardarsa? Tambayar tana kan hanya, amma ta yi kaɗan. Ruwan da ke shiga ɗakin mutumin kwari daga tudu yake gangarowa, daga rukunoni masu yawa da kowannensu ke riƙe da takardar izini, kuma babu wanda ya taɓa haɗa lissafinsu wuri guda.

Tushen matsalar yana cikin doka. Dokar tantance illar ayyuka ga muhalli, mai lamba 86 ta 1992, ta wajabta cikakken bincike ga aikin gidajen da ya kai hekta 50. Nawa ne daga cikin rukunonin Lokogoma, Lugbe, Galadimawa ko Dawaki suka kai haka? Mai hekta biyar ya gina nasa, mai hekta takwas ya jingina da shi, wani ya sayi fili ɗaya ya ɗora benaye huɗu. In an duba kowane shi kaɗai, ba a ganin abin tashin hankali. In an tara su, an shafe ɗaruruwan hektoci da siminti, kuma rafi ɗaya ne ke karɓar ruwansu duka.

A yi lissafin da sauƙi. Ruwan sama na milimita 50, wanda Abuja kan samu a dare guda lokacin marka, yana zuba lita 500,000 a kan hekta ɗaya, wato kusan tankokin mai 15 masu ɗaukar lita 33,000. Lokacin da wurin yake gonar doya da dawa ta Gbagyi, ƙasa da ciyawa da saiwar itace ke shanye kaso mai yawa, ragowar ta sulale a hankali. Yanzu rufin kwano ne, da kwalta, da tsakar gida da aka lulluɓe da intalok har bakin katanga. Kusan duk ruwan yana fita ta bututu cikin mintoci kaɗan, ya tarar da kwalbatin da aka auna tun unguwar tana daji.

Na ziyarci wani ɗan'uwana a irin wannan rukuni bayan ruwa ya janye. Layin laka ya tsaya a bango daidai ƙugun babban mutum, katifu suna shanye a kan motoci, matarsa na ta goge takardun makarantar yara da tsumma, ko za su ceto. Ya kai ni bayan katanga ya nuna mini rafin: an matse shi da gini ta gefe biyu har yaro zai iya tsallake shi. Fadamar da ruwa kan kwanta a ciki an cike ta da jar ƙasa, tifa bayan tifa, an yi gidaje a kai. Mutanen Kano sun san wannan labari daga kududdufan da aka cike.

Simintin nan da ke kawo ambaliya da damina, shi ne kuma ke kawo ƙishirwa da rani. Yawancin sabbin unguwannin ruwan madatsar Usuma bai isa gare su ba, don haka kowane gini da rijiyar burtsatsensa. Ana zuƙo ruwa daga ƙasa, an kuma toshe hanyar da zai koma mata. Rijiyar maƙwabci ta ƙafe, ya kira masu haƙa su ƙara zurfi, ta kusa da shi ita ma ta bi sahu, a ƙarshe a koma wa 'yan garuwa. Haka kuma magudanar bahaya da ke kai wa matatar Wupa ba ta kai can ba, sai ramin sokawe a kowane gida, wani lokaci taku kaɗan daga rijiyar da ake sha. A ƙara da hayaƙin janareta, da bishiyoyin da aka sare, da jerin motoci a titin filin jirgi kowace safiya.

Masu ginin za su ce jama'a na buƙatar muhalli, kuma damina ta canza, kuma mutane na zuba shara a magudana. Duka gaskiya ne. Tsarin Abuja na 1979 bai hango irin wannan tururuwa ba, kuma bene da ke ɗaukar iyali goma sha biyu ya fi gidaje goma sha biyu tattalin ƙasa. Sai dai shirin samar da gidaje da aka fara a 2000 ya raba wa kamfanoni filaye a gundumomin da gwamnati ba ta kai titi, ruwa ko babbar magudana ba. Gini ya riga kayan more rayuwa zuwa, kuma ba shara ce ta jawo hakan ba.

Shi ya sa rusau kaɗai ba ya ba ni ƙwarin gwiwa. A rushe gidaje 30 a kwari, a bar izini na fita a tudu, ruwan zai nemi layi na gaba. Abin da ya kamata hukumar raya babban birnin tarayya (FCDA) da sashen kula da gine-gine su riƙa aunawa shi ne rafin gaba ɗaya, daga inda ya taso zuwa inda ya faɗa: ruwa nawa zai iya ɗauka, nawa aka riga aka ɗora masa. Duk sabon rukuni a tilasta masa tafkin tare ruwa da fili marar siminti, ko hektarsa biyu ce. Ɗan'uwan nawa dai ya ɗaga dokin ƙofarsa da bulo uku, ya mayar da takardun yara saman kabad kafin damina ta dawo.