Kuɗin Haya: Yadda Mai Gida Zai Karɓi Haƙƙinsa A Kan Lokaci

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano a 1991, garuruwa irin su Birnin Kudu da Gwaram suke ta cika da baƙi. Akwai ma'aikatan Asibitin Gwamnatin Tarayya na Birnin Kudu, da malaman makaranta, da masu bautar ƙasa, da 'yan kasuwa, kowannensu kuwa yana bukatar ɗakin kwana. Har a ƙananan garuruwa kamar Sundimina, mutum yakan gina ɗaki biyu ko shago a bakin hanya ya ba da haya, domin ya sami abin dogara a ranar tsufa. Amma kukan masu gidajen ɗaya ne: wata ya ƙare, kuɗi bai zo ba.

Mun lura cewa yawancin wannan rigima ba daga mugun hali take tasowa ba. Tun ranar da aka miƙa mabuɗi ake shuka ta, wato sa'ad da aka sa ranar biya ba tare da an tambayi ɗan haya yaushe kuɗi yake shigo masa ba.

Ma'aikacin gwamnati yana jiran albashi a ƙarshen wata, saboda haka a ba shi 'yan kwanaki cikin sabon wata, kada a tsare shi a tsakiyarsa. Manomi kuwa da kaka yake ganin kuɗi, bayan ya sayar da riɗi ko gero ko shinkafa. Wanda ya nemi kuɗin shekara a hannunsa cikin watan Agusta, sa'ad da rumbu ya ƙare, taki ya cinye ɗan abin da ya rage, ya nemi abin da babu. A sa masa Nuwamba ko Disamba. Mai shago kuma kullum ciniki yake yi kaɗan kaɗan, ya fi masa sauƙi ya riƙa biya mako mako, ko ya shiga adashi wanda kwasarsa za ta faɗo daidai lokacin haya. Mai bautar ƙasa shekara guda zai yi ya tafi, sai a daidaita da shi tun farko kan watan ƙarshe.

Bayan an sa rana, a rubuta. Alkawari kaya ne, amma baki yakan manta. Takarda guda ta isa: sunan mai gida da na ɗan haya, yawan kuɗi, ranar biya, wanda zai biya kuɗin wuta da ruwa, da wanda gyara yake wuyansa. Shaidu biyu su sa hannu, ko mai unguwa ko wani dattijo da duka biyun suke jin nauyinsa, kowa ya riƙe tasa. Duk lokacin da aka biya kuma a ba da rasit, ko da ɗan'uwa ne. In ta waya aka turo kuɗin zuwa asusun banki, a ajiye saƙon. Ƙarancin takardun naira da aka sha a farkon 2023 ya koya wa mutane da yawa amfanin wannan hanya.

Sa'an nan a auna nauyin da ake ɗora wa mutum. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, abinci da kuɗin mota suka yi tashin gwauron zabo. An mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024, amma mai iyali ya san inda take tsayawa. Neman kuɗin shekara biyu a dunƙule yakan jefa ɗan haya cikin bashi, daga baya mai gida ne zai sha jira. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara guda daga sabon ɗan haya. Ba dokar Jigawa ba ce, amma akwai hikima a ciki. Raba kuɗin kashi huɗu a shekara yakan fi kawo biya a kan kari.

Mai gida ma yana da nasa. Ɗakin da yake yoyo da damina, an yi magana har an gaji, da wuya mai zama a ciki ya kawo kuɗi da fara'a. A yi gyara kafin ruwa ya sauka, a kuma tuna wa ɗan haya mako biyu kafin rana, cikin sirri, ba a gaban matarsa da 'ya'yansa ba.

In kuwa an yi duk wannan mutum ya ƙi biya da gangan, kada mai gida ya ɗauki doka a hannunsa. Cire kwanon rufi, ko garƙame ƙofa, ko watsar da kaya waje, duk suna iya mai da mai gaskiya mai laifi. A fara da shaidun nan. In ya faskara, a yawancin jihohin ƙasar nan, idan yarjejeniya ba ta faɗi wani abu dabam ba, mai biyan wata wata ana ba shi wa'adin wata guda a rubuce, mai biyan shekara wata shida, sa'an nan ƙarin kwana bakwai kafin a je kotu.

Ga 'yan'uwanmu 'yan haya kuma muna cewa, bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma ɓuya ba ta biyansa. Sau da yawa mai gidan nan gwauruwa ce ko ɗan fansho, da kuɗin ɗakin nan ake biyan kuɗin makarantar yara. Wanda ya ga ba zai cika rana ba, ya je da ƙafarsa tun da wuri, ya kai abin da ya samu, ya faɗi ranar cikawa, ya kuma cika ta.