3.4 Yawan Kalsiyam a Jinin Mai Dajin Kaluluwa

Kalsiyam sinadari ne mai ƙarfafa ƙashi. Dajin kaluluwa kan sa jiki ya sarrafa bitamin D fiye da kima, sai hanji ya yi ta tsotsar kalsiyam har ya yi yawa a jini. Alamominsa sun haɗa da ƙishirwa da yawan fitsari da taurin bayan gida da ruɗewa. A gari mai zafi kamar Illela, ana iya ɗora ƙishirwar a kan bazara, ruɗewar kuwa a danganta ta da iskoki. Wannan jinkiri kan lalata ƙoda. Gwajin jini ne ke tabbatar da matsalar, kamar wanda ake yi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Sakkwato. Maganin farko shi ne ƙarin ruwa.