Asusun Gidaje na Ƙasa: Wa Ya Cancanci Rance a Gombe?

Tun da Gombe ta zama babban birnin jiha a ranar 1 ga Oktoba, 1996, jama'a suke ta kwararowa cikinta, kuɗin haya kuma yana ta hauhawa a unguwanni irin su Pantami, Bolari da Tudun Wada. Wannan ne ya sa masu ƙaramin ƙarfi ke yawan tambaya ko suna da rabo a tallafin gidaje na gwamnati.

Babbar hanyar samun wannan tallafi ita ce Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa da dokar soja mai lamba 3 ta shekarar 1992, kuma Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya ne yake kula da shi. Abin lura a nan shi ne, asusun rance yake bayarwa mai sauƙin ruwa, ba ya raba gidaje kyauta.

Sharaɗi na farko shi ne mutum ya kasance ɗan Nijeriya mai shekara 18 ko fiye. Na biyu, ya yi rajista, ya riƙa zuba kashi 2.5 cikin ɗari na abin da yake samu a wata, har tsawon wata shida aƙalla. Zubin wajibi ne a kan ma'aikatan gwamnati, amma gyaran doka na shekarar 2023 ya mai da shi ganin dama ga ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu. 'Yan kasuwa da masu sana'ar hannu su ma suna iya shiga.

Ana neman rancen ta hannun bankunan lamunin gidaje masu lasisi. Kuɗin ruwa kashi 6 ne cikin ɗari a shekara, wa'adin biya kuwa yana iya kai wa shekara 30.

Sai dai akwai wurare biyu da gizo ke saƙa. Na farko, biyan kowane wata ba ya wuce kashi ɗaya bisa uku na abin da mutum yake samu. Mai albashi mafi ƙanƙanta na Naira 70,000, wanda aka amince da shi a shekarar 2024, zai iya biyan kimanin Naira 23,000 a wata. Bisa wannan lissafi, rancensa ba zai kai Naira miliyan huɗu ba.

Na biyu shi ne takardar shaidar mallakar fili, wadda gwamna ke bayarwa a ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978. Takardar ciniki da hannun mai unguwa ba ta isa jingina a banki ba. A Gombe, hukumar GOGIS ce ke aikin rajistar filaye.

Saboda haka, ɗan kasuwar da ke da niyya ya kamata ya fara da gyara takardun filinsa, ya kuma riƙa shigar da cinikinsa ta banki, domin da wannan shaida ce ake auna ƙarfinsa na biya.