Katako, ƙyalle da kwali: Abin da jirage marasa inji ke koya wa masu tsara tsaron Najeriya

A birnin Bauchi ne Rundunar Sojojin Sama ta Najeriya ta ajiye hedikwatar reshenta na ayyuka na musamman, wanda aka kafa a zamanin Air Marshal Sadique Abubakar, ɗan asalin Azare da ya shugabanci rundunar daga 2015 zuwa farkon 2021. Babban aikin dakaru irin waɗannan shi ne kutsawa inda mota ba ta zuwa, kuma babbar matsalarsu a ko'ina cikin duniya ita ce yadda abinci da magani da harsashi za su riske su ba tare da an jefa matuƙi cikin haɗari ba. Ɗaya daga cikin amsoshin da manyan rundunoni ke gwadawa yanzu tsohuwar dabara ce: jirgi mara inji, wanda a wannan karon aka cire masa matuƙi ma.

Jirgi mara inji yana tafiya ne kamar yadda shaho ke shawagi a kan duwatsun Bauchi da tsakar rana. Wani jirgin ne ke jan sa ko ya sake shi daga sama, sai dogayen fukafukansa su riƙa yanka iska yana sauka sannu a hankali. Na zamani da ake gasa da su suna iya cin mita 50 a gaba kafin su sauko mita ɗaya. Tun da babu injin da zai rufe aibu, ingancinsa ya rataya ne kan abin da aka ƙera shi da shi: ya zama mara nauyi, mai ƙarfi, mai santsi.

Bajamushe Otto Lilienthal, wanda ya yi ta tashi da irin waɗannan fukafukai daga 1891 har hatsarin da ya yi ajalinsa a 1896, da sanduna da ƙyallen auduga ya yi aiki. Sojoji sun shigo cikin lamarin ne a Yaƙin Duniya na Biyu. A ranar 10 ga Mayu, 1940, dakarun Jamus da ba su kai ɗari ba suka sauka shiru a kan sansanin Eben-Emael na Beljiyam cikin jiragen DFS 230, waɗanda aka haɗa da bututun ƙarfe da katako da ƙyalle, suka gurgunta shi kafin masu gadi su farga. Ingila ta mayar da martani da Horsa, jirgin katako kusan zalla, wanda masana'antun kujeru da gadaje suka sassaƙa mafi yawan sassansa. Amurka kuwa ta ƙera Waco CG-4A kusan 14,000, har kamfanin Steinway mai yin fiyano ya shiga aikin. An zaɓi katako ne da gangan, domin alminiyum na jiragen yaƙi ne, kafintoci kuma suna da yawa.

Bayan yaƙi sai jirage masu saukar ungulu suka karɓe wannan aiki, jirgi mara inji ya koma hannun 'yan wasa. A can ne aka samu sauyi na biyu. A 1957 aka tashi da Phönix a Jamus, na farko da aka gina da zaren gilashi da aka jiƙa da gam mai daskarewa. Daga baya zaren kabon ya biyo, wanda ya fi sauƙin nauyi da ƙarfi. Da shi aka ƙera Zephyr na kamfanin Airbus, mara matuƙi mai aiki da hasken rana, wanda ya shafe kwana 64 a sama a 2022. Sai dai wannan kaya yana da tsada, kuma gam ɗinsa yana laushi idan ya sha zafi, shi ya sa ake shafa wa irin waɗannan jirage farin fenti. Duk wanda ya san ranar Maris da Afrilu a Bauchi, da ƙurar hunturu mai kankare fenti, zai gane cewa ba kowane kayan Turai ne zai jure nan ba sai an gwada shi.

A shekarun nan sojoji sun waiwayi kayan arha. Rundunar Amurka ta gwada LG-1K, akwatin filawud da alminiyum mai fukafukai, wanda ake jefowa daga jirgin dakon kaya, na'urar GPS ta kai shi inda aka nufa. Wani mai suna Silent Arrow GD-2000 yana ɗaukar fiye da rabin tan, ya yi tafiyar kusan kilomita 60 bayan an sake shi daga C-130, samfurin da Najeriya ma take da shi. Amfaninsa a fili yake: jirgin da ya ɗauko shi ba ya kusantar bakin bindiga, babu ƙarar inji, babu zafin da makami zai bi, kuma idan ya sauka an gama da shi. A Yukiren, kamfanin SYPAQ na Ostireliya ya aika da ƙananan jirage masu ɗan inji da aka yi da kwali mai kakin zuma, Rasha kuma tana ɗaura wa tsofaffin bama-bamai fukafukai su yi shawagi zuwa inda aka saita su.

Najeriya ba baƙuwa ba ce a wannan fage. A shekarun 1990 an harhaɗa jiragen horo na Air Beetle a Kaduna. A Disambar 2013 Shugaba Goodluck Jonathan ya ƙaddamar da Gulma, sannan a Fabrairun 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da Tsaigumi, wanda injiniyoyin rundunar suka ƙera tare da kamfanin UAVision na Fotugal. Duk da haka, marasa matuƙan da ke ɗauke da makamai a fagen daga, irin su CH-3 da Wing Loong II na Sin da Bayraktar TB2 na Turkiyya, sayo su aka yi da kuɗin waje.

Bauchi ta san ƙarshen dogaro irin wannan. Masana'antar Steyr da aka kafa a birnin a shekarun 1970 ta harhaɗa taraktoci da manyan motoci da sassan da ake shigowa da su. Da kuɗin waje ya yi wuya, sai aiki ya durƙushe. Wanda ya hau dokin aro, ƙasa ce makomarsa. Jirgin dakon kaya na filawud kuwa aiki ne da sashen injiniya na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da Kwalejin Fasaha ta Tarayya ta Bauchi za su iya sa hannu a ciki, tare da cibiyar fasaha ta sojojin sama da ke Kaduna, ga kuma dakarun da za su gwada shi a gari ɗaya. Na'urorin sarrafawa za a ci gaba da sayo su, amma gangar jiki da fukafuki, da awon ƙarfin katako da gam, ilimi ne da zai zauna a gida.

Hanyar doka ma a buɗe take. Umarnin shugaban ƙasa mai lamba 5 na 2018 ya wajabta fifita injiniyoyi da kamfanonin cikin gida a kwangilolin gwamnati, sabuwar dokar DICON ta 2023 kuma ta ba hukumar damar haɗa gwiwa da 'yan kasuwa. Abin da ya rage yana kan teburin masu rubuta kasafi da takardun kwangila: ko za a ware kuɗin gwaji na shekaru a jere, ko kuwa a tsaya ga bikin ƙaddamarwa.

Arhar nan takobi ce mai kaifi biyu. Mayaƙan ISWAP sun riga sun fara kai wa sansanonin soja a Borno hari da ƙananan jiragen kasuwa da suka ɗaura wa bam, don haka dole kuɗin kariya ya tafi tare da kuɗin ƙira. Harin Tudun Biri na 3 ga Disamba, 2023, inda jirgin sojojin ƙasa mara matuƙi ya kashe aƙalla mutum 85 a wurin Mauludi, ya nuna cewa cire matuƙi daga jirgi ba ya cire alhaki daga wuyan wanda ya ba da umarni. Wannan ma dalili ne na farawa da jirgin da ke kai magani da abinci, wanda kuskurensa bai wuce asarar akwatin katako ba, kuma zai yi amfani ga ƙauyukan da ambaliya ke yanke wa hanya duk damina a Jama'are da Zaki.