Tsohon Gini Ba Ya Shiri da Siminti

Da zarar tsohon gini ya fara tsagewa, abin da kwamitin gyara ya fi saurin yankewa shi ne a sayo siminti a shafe bangon sumul. 'Yan'uwa, daga nan ɓarna take farawa. Bari mu duba dalili.

Maginan dā, ko da tubali suka yi aiki ko da dutse irin na tsaunukan Kazaure da Roni, laka ce ke riƙe musu bango. Laka tana shan ruwa da damina, ta sake shi da rani. Siminti kuwa ba ya barin danshi ya fita. Ruwan da ya shiga ta tsaga, ko ya taso daga tushe, sai ya maƙale a ciki yana narkar da lakar. Daga waje bango ƙalau, ciki kuwa ya ruɓe, har ranar da filastar za ta ɓallo gaba ɗaya. Shi ya sa ake gyara da irin kayan da aka yi ginin, a yi yaɓe da makuba, bayan an fara gyara rufi da indararo.

Ƙarin gini ya fi gyara wuya, domin jama'a suna ƙaruwa, wuri kuma ba ya ƙaruwa. Masallacin Juma'a na Zariya misali ne. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina shi a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, a ƙarni na 19. Da aka sabunta shi a shekarun 1970, an tayar da ginin siminti ya lulluɓe tsohon, ginshiƙai da bakan gizo na ciki suka tsira, amma kamanninsa na waje suka tafi. Mai son ganinsu yau sai ya je gidan tarihi na Jos ya kalli kwafinsa. A ganina an ceci rabi, an yi asarar rabi.

Yarjejeniyar da masana suka yi a birnin Banis na Italiya a 1964 ta ce sabon abin da aka ƙara kada ya danne tsohon, kuma mai kallo ya iya bambanta su. Wato sabon ɗaki ya tsaya a gefe a kan tushensa, kada a ɗora wa tsohon bango nauyin dakin da ba a gina shi dominsa ba.

Akwai kuma doka. Ginin da gwamnati ta ayyana a matsayin abin tarihi, kamar Gidan Makama a Kano ko hasumiyar Gobarau a Katsina, ba a sauya masa fasali sai da izinin Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979. Gininku a Babura ko da ba ya cikin wannan jeri, ku ɗauki hotonsa ta kowace fuska, ku auna, ku nemo tsohon maginin da ya san kwaɓin ƙasar garin kafin lebura ya ɗaga diga.